Darasin Juma'a: Mu Buɗe wa Kanmu Littafin Lissafi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, kowane ɗan kasuwa a cikinmu ya san ba a rufe shago sai an ƙirga ciniki. Mai wake ya san buhu nawa ya rage masa, mai kifi ya san kwali nawa ya tura Maiduguri. Amma a tambayi mutum izu nawa ya karanta tun bayan azumi, ko nawa ya rage na bashin da ke kansa, ko wane wata zakkarsa ke cika shekara, sai ka ji: "To, ana dai ƙoƙari." Burin da ba shi da adadi, ba shi da ranar dubawa, fata ne kawai.

Aya ta 18 a Suratul Hashri ta umarci kowane rai ya duba abin da ya gabatar domin gobe. Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya ware wa wannan magana babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin, kuma da ɗan kasuwa ya buga misali. Ya ɗauki zuciya kamar abokin haɗin jari: da safe ka gindaya mata sharaɗi, da rana ka sa mata ido, da dare ku zauna lissafi. Farillai su ne uwar kuɗi, nafilfili riba, saɓo kuwa asara. Kun ga ke nan, aikin da muka iya a kasuwa shi ake nema mu yi wa kanmu. Ga wurare uku da ya kamata mu fara.

Na farko, bashi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, da sa masa wa'adi da kafa shaidu. Bukhari ya ruwaito cewa an kawo gawar wani mai bashi, Annabi (SAW) bai yi masa salla ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. To, "zan biya in Allah Ya hore" bai isa tsari ba. A ce ana bin ka naira 120,000. In ka ware 5,000 kowane mako, cikin mako 24 ka fita. Rubuta sunan mai kuɗi, adadi da ranar biya, ka sanar da uwargida ko babban ɗanka. Mu baƙi ne a nan; in ta Allah ta kasance, dangin da ke Kano ko Katsina ko Damagaram ba su san wa ke bin mu ba.

Kuma kada littafin ya zama ɗaya tilo. Mun ga gobarar babbar kasuwar Monday a Fabrairun 2023. Mun ga ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, nan cikin ƙaramar hukumarmu ta Konduga, ranar 10 ga Satumba 2024, yadda ruwa ya shanye Maiduguri. Wuta da ruwa ba su san takarda ba. Duk ƙarshen wata a ɗauki hoton shafin da waya, a tura wa amintacce ta WhatsApp.

Na biyu, zakka. A mazhabar Malikiyya, ɗan kasuwa mai juya kaya kullum, wanda malamai ke kira mudiri, yana tsayar da wata ɗaya a shekara. In watan ya zo, sai ya ƙiyasta kayan shago da farashin ranar, ya haɗa da kuɗin hannu da bashin da yake sa ran za a biya shi. In sun kai nisabi, wato dinari 20, kimanin giram 85 na zinariya, ya fitar da ɗaya bisa arba'in. Da watan Musulunci ake ƙirga, shekararsa kuwa kwana 354 ce ko 355, don haka mai bin kalandar bature yana jinkirta haƙƙin talaka da kimanin kwana 11 duk shekara. Mu rubuta watanmu a shafin farko. Wanda bashi ya yi masa yawa ya zauna da liman a warware masa hukuncinsa.

Na uku, Alƙur'ani. Tun kaka da kakanni mutanenmu ke zuwa gabas neman karatu, ga mu yau a ƙasar Barno, abin kunya ne kasuwa ta raba mu da shi. Izu 60 ne, kowane izu sumuni takwas, jimla sumuni 480. Mai karanta izu ɗaya kullum zai sauke a wata biyu. Wanda ya ɗauki sumuni ɗaya bayan kowace salla, cikin kwana 96 ya sauke. Hadisin Nana A'isha ya nuna aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai, ko da kaɗan ne. Kada mu ɗauki izu biyar ranar Asabar, Talata ta yi mun ajiye.

Iyaye mata, wannan darasi naku ne ku ma. Wadda ta iya riƙe lissafin adashi ba zubi ɗaya da ya ɓace mata, za ta iya riƙe na haddar yara: wace sura aka biya, yaushe aka wanke allo. Haka zumunci: a tsayar da ranar kiran iyaye a gida, da abin da za a riƙa aika musu kowane wata, komai ƙanƙantarsa.

Yaya za a bi sawu? Littafin rubutu irin na 'yan makaranta ya isa. Buri uku kawai, kowanne da adadinsa. Bayan Isha'i, minti biyar: an yi, ko ba a yi ba. Daren Juma'a a duba na mako, in sabon wata ya kama a duba na wata. A nemi aboki ɗaya mai gaskiya wanda zai riƙa tambaya. Sauran jama'a ba sai sun gani ba, don riya tana cinye lada. A gyara niyya tun shafin farko.

Wani zai ce: ina amfanin tsari a garin da hanyar Bama kan rufe, kaya su tashi dare ɗaya? Ai shi ya sa Suratul Kahfi ta koya mana haɗa duk abin da za mu yi gobe da "in Allah Ya so". Namu shi ne shiri, hukunci na Allah ne. In asara ta zo, a rage adadi, kada a yaga littafi: 5,000 ta koma 2,000, a je a sanar da mai kuɗi da baki, kada a riƙa kauce masa a layi. Mai bin bashi shi ma ya tuna aya ta 280 a Baƙara, wadda ta umarci a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi.

Kafin Juma'a mai zuwa, kowa ya rubuta nasa uku. Allah Ya biya mana basussukanmu, Ya sa albarka a nemanmu, Ya zaunar da Barno lafiya, Ya sauƙaƙa mana hisabi. Amin.