Inda Ake Tsayawa, da Inda Ake Gudu

Karatun wannan mako: Farawa 39 da 2 Sama'ila 11

'Yan'uwa cikin Ubangiji, Littafi Mai Tsarki ya ba mai bi umarni biyu game da yaƙin ruhaniya. Na farko yana cikin Yakubu 4:7, inda aka umarce mu mu yi tsayayya da Iblis, da alkawarin cewa shi ne zai gudu. Na biyun kuwa manzo Bulus ya maimaita shi har sau huɗu. A 1 Korantiyawa 6:18 ya ce a guje wa fasikanci. A 10:14 na wannan wasiƙa ya ce a guje wa bautar gumaka. Ya gargaɗi Timoti ya guje wa son kuɗi da abin da ke biye da shi (1 Timoti 6:9-11), ya kuma guje wa sha'awace-sha'awacen ƙuruciya (2 Timoti 2:22). Wato a gaban Shaiɗan tsayawa ake yi. A gaban abin da ke jan zuciyarka kuwa, gudu ake yi.

Masu bi da yawa sun juya waɗannan umarnai. Suna tsoron Shaiɗan, mujiya ta yi kuka a kan rufin ɗaki ta hana su barci har asuba. Amma abin da yake kā da su kowane mako, suna zaune kusa da shi hankali kwance, suna cewa sun fi ƙarfinsa cikin sunan Yesu. Ɗan'uwa zai kwana a addu'ar dare yana ɗaure aljanu har muryarsa ta dushe, gari ya waye ya koma shagon da ya san in ya zauna a ciki sai ya sha. Addu'ar dare abu ne mai kyau, kada kowa ya fasa zuwa. Sai dai ba za ta yi maka gudun da ƙafafunka ya kamata su yi ba.

Mu dubi Yusufu. Yana da shekara 17 lokacin da labarinsa ya fara a Farawa 37, 'yan'uwansa suka sayar da shi, aka kai shi Masar, ya zama bawa a gidan Fotifar, shugaban matsaran Fir'auna. Ba uba kusa, ba wanda ya san danginsa, ba taron masu bi da zai ji kunyarsu. Ubangiji ya sa masa albarka har maigidan ya danƙa masa kome na gidan. A nan ne jarabar ta same shi, lokacin da al'amuransa suka fara kyau. Ku lura da wannan, don mun fi yin tsaro lokacin wahala, in ƙofa ta buɗe kuma sai mu saki jiki.

Matar Fotifar ba sau ɗaya ta neme shi ba. Aya ta 10 ta nuna kowace rana take yi masa magana. Ayar kuma ta gaya mana abu biyu da Yusufu ya ƙi: ya ƙi kwana da ita, ya kuma ƙi ko zama tare da ita. Wannan na biyun shi ne mutane sukan tsallake in suna karatu. Bai ce bari ya zauna ya yi mata wa'azi ba, bai ce bari su zama abokan hira kawai ba. Ya ba ta amsarsa sau ɗaya, cewa wannan cin amanar maigidansa ne, zunubi ne kuma a gaban Allah, daga nan ya kama kansa. Ran da ta same shi shi kaɗai a cikin gida ta kama rigarsa, bai tsaya jayayya a kan riga ba. Ya bar mata ita a hannu ya fita da gudu.

Sai mu buɗe 2 Sama'ila 11. Dawuda ba yaro ba ne, ba sabon tuba ba ne. Shi ne ya kashe Goliyat, shi ne mawaƙin Isra'ila. Surar ta fara da cewa lokaci ne da sarakuna sukan fita yaƙi, Yowab da sojoji suna kewaye da Rabba ta Ammonawa, Dawuda kuwa ya zauna a Urushalima. Da maraice ya tashi daga gado, yana yawo a kan soron fada, ya hango mace tana wanka. Hangen farko ba shi ya nema ba. Amma ku ƙirga matakan da suka biyo baya. Ya ci gaba da kallo. Ya aika a bincika ko wace ce. Aka gaya masa sarai: Batsheba ce, matar Uriya Bahitte, wanda yake bakin dāga a lokacin, wanda kuma sunansa yake cikin jerin jarumawan Dawuda a sura ta 23. Wannan amsa ƙofar fita ce, a buɗe. Bai bi ta ba, ya aika aka kawo ta. Daga nan sai ciki, sai dabarar rufe asiri, sai sa Uriya ya bugu, a ƙarshe sai wasiƙar mutuwar Uriya da aka ba shi ya kai wa Yowab da hannunsa.

Abin mamaki, a duk cikin surar nan ba a ambaci Shaiɗan ko sau ɗaya ba. Ba cewa muke yi ba ya nan. Amma ranar da annabi Natan ya zo, Dawuda ya nuna wa yatsa, ba Iblis ba. Yakubu 1:14-15 ya bayyana yadda abin yake: muguwar sha'awar mutum ita ce take jansa, ta yi ciki ta haifi zunubi, zunubi ya girma ya haifi mutuwa. Shaiɗan yana da ƙugiya, amma abin da yake sawa a bakinta daga zuciyarmu yake samo shi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Bulus ya faɗi irin wannan a Afisawa 4:26-27, inda ya nuna fushin da aka kwana da shi yakan buɗe wa Iblis hanya.

To, ɗan'uwa, ina soronka? Kowa ya san nasa, ba sai annabi ya gaya masa ba. Ga wani waya ce, bayan ƙarfe goma sha ɗaya na dare, matarsa ta yi barci. Ga wani manhajar caca ce da ya ce zai goge tun watan jiya. Ga 'yar'uwa wata lamba ce da ta ajiye da sunan mace alhali ta namiji ce. Ga 'yar kasuwa mudu biyu ne, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa. Ga wanda ke riƙe da kuɗin adashi ko na zumuntar mata, ajiye su ne a wuri ɗaya da kuɗin cefane, da niyyar mayarwa ƙarshen wata. Ba wanda ya fara da niyyar cinye kuɗin ikkilisiya. Aro ne ake fara yi. Gudu a nan shi ne ka ce ba za ka ƙirga baiko kai kaɗai ba, ka nemi mutum na biyu ya sa hannu, ka kai kuɗin banki ran Litinin da safe. Wanda ya yi haka ya yi yaƙin ruhaniya, ko da bai ɗaga murya ba.

A Afisa, wani birni a ƙasar da ake kira Turkiyya yanzu, an ga bambancin nan a fili. Ayyukan Manzanni 19 ta ba da labarin 'ya'ya bakwai na wani babban firist na Yahudawa da suka ari sunan Yesu don su fitar da aljani, ba tare da sun miƙa kansu gare shi ba. Mai aljanin ya faɗa musu, suka fita da gudu tsirara da raunuka. Shi ya sa Yakubu ya sa biyayya ga Allah kafin tsayayya da Iblis, a aya guda. A cikin wannan sura kuma waɗanda suka ba da gaskiya suka fito da littattafansu na sihiri suka ƙone a gaban jama'a, aka lissafta kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Ba su sayar ba, ba su ajiye a ƙasan akwati don wata rana ba. Ina roƙon kowane mai bi da har yanzu yake da laya ko guru da aka ba shi a gida, yana cewa ai ba ya amfani da shi, ya kawo wa fasto a ƙone. Ranar da yaro ya kwanta ciwo, maganin asibiti ya yi jinkiri, kakanni suka fara magana, abin da ke ƙasan akwatin nan zai kira sunanka.

Tsayawa fa, yaushe ne? Lokacin da magabci ya zo da ƙarya, da tsoro, da zargi. Ya ce Allah ya manta da kai, ya ce jinin Yesu bai isa ya wanke abin da ka yi ba, ya ce wannan halin na gado ne, ba ka da mafita. Daga wannan ba a gudu, don duk inda ka je da kai zai tafi. Yesu ya yi azumi kwana 40 a jeji, sau uku Iblis ya zo masa, sau uku ya amsa daga littafin Maimaitawar Shari'a, surori 6 da 8. Bai buɗe littafi a jejin ba, Maganar tana cikinsa tun kafin yunwa ta zo. Takobin da ba ka wasa shi da safe ba, ba za ka zare shi da tsakar dare ba. Luka 4:13 kuma ya nuna Iblis ya rabu da shi ne na ɗan lokaci, yana jiran wata dama, saboda haka nasarar jiya ba ta sallame ka daga tsaron yau ba.

Kada a ruɗe ku cewa gudu ba shi da tsada. Yusufu ya yi daidai, rigar da ya bari ta zama shaidar ƙarya a kansa, aka jefa shi kurkuku, bai tsaya gaban Fir'auna ba sai yana da shekara 30. Kai ma za ka iya rasa ciniki, ko ƙarin girma a ofis, ko abokan da za su ce tsoron mata ne ya kama ka. Alkawarin 1 Korantiyawa 10:13 shi ne Allah ba zai bari a gwada ka fiye da ƙarfinka ba, zai kuma buɗe hanyar fita. Bai ce hanyar za ta zama mai daɗi ba. Ta Yusufu ta bi ta kurkuku, Ubangiji kuwa yana tare da shi a can.

Kai kuma da ka riga ka faɗi, kana karanta wannan zuciyarka tana bugawa, kada ka ƙara mataki na gaba na Dawuda, wato rufe asiri da wani sabon zunubi. Ka karanta Zabura 51 a durƙushe, ka furta wa Ubangiji bisa ga 1 Yahaya 1:9. Sa'an nan, kafin Lahadi mai zuwa, ka nemi fasto ko wani dattijon ikkilisiya, 'yar'uwa kuma ta nemi matar fasto ko uwar zumunta, a faɗi abin da sunansa, a kuma ba su izini su riƙa tambaya kowane mako.