An Ɗora Maka Kwamitin Tallafi, Jama'a Kuma Sun Fara Zamewa

Tambaya: Ni ɗan bautar ƙasa ne a Kano. Ƙungiyar da nake wa aikin sa-kai ta ɗora mini tara gudummawar ciyarwar azumi da kula da matasa 30 da suka ba da sunansu don taimaka wa aikin. Taron farko kowa ya zo. Yanzu sai in yi ta kira ba a ɗagawa, kuɗi kuma sun ƙi taruwa. An ce aikin zai koya mini shugabanci, ni kuwa ban ga abin da na samu ba sai ciwon kai.

Amsa: Ƙanena, ciwon kan nan shi ne karatun. Manajan kamfani yana da albashi a hannu ɗaya, takardar kora a ɗayan. Kai ba ka da ko guda. Wanda ya zo maka don Allah ya zo, ranar da ransa ya ɓaci kuma zai yi tafiyarsa ba sallama. Duk wanda ya iya riƙe irin waɗannan mutane har aiki ya kammala, riƙon ma'aikata masu albashi ba zai gagare shi ba.

Fara da kuɗi, domin a nan ne mutunci ke zubewa. Kada kobo ɗaya ya shiga asusunka na kanka, ko na banki ne ko na OPay, ko da kuwa kai waliyyi ne. Idan ƙungiyar tana da rajista da hukumar CAC, to ya kamata a ce tana da asusu da sunanta. Da shi za a yi amfani. Idan babu, a buɗe na haɗin gwiwa wanda kuɗi ba sa fita sai da sa hannun mutum biyu, kuma mai rubuta lissafi ya zama daban da mai sayayya. Kowace Juma'a ka saka bayani a zauren WhatsApp ɗinku: ga abin da ya shigo, ga abin da aka saya, ga rasit, ga saura. Kada ka jira a tambaye ka. Mutanenmu ba sa yawan tambayar lissafi a bainar jama'a saboda kunya, sai dai su janye hannu su koma gefe suna ƙus-ƙus. Ina zargin wasu daga cikin masu ƙin ɗaga wayarka ma abin da ke ransu ke nan.

Ka kuma tambayi kowane mai bayarwa: zakka ce ko sadaka? Zakka tana da mutane iri takwas da aka ƙayyade a Suratut Tauba, ba a buga fosta ko sayen ruwan taro da ita. A rubuta ta a shafinta daban, a nemi malami ya duba yadda za a raba.

Batun ƙin taruwar kuɗi kuwa, ina jin "a taimaka wa mabukata" kawai kake rubutawa. Wannan magana ba ta motsa aljihu. Ɗan kasuwa da lissafi ya saba. Ka je ka ƙirga gidajen da za a ciyar, ka san mudu nawa kowane gida zai ci, ka je kasuwa ka ji farashin ranar, sannan ka tunkari mutum da magana mai kai da gindi: "Alhaji, gida kaza ne, buhu kaza muke nema, an samu kaza." Ka taka da ƙafarka, tare da dattijon da ake jin nauyinsa. Kuma ba lallai sai tsabar kuɗi ba. Mai hatsi a Dawanau ya fi sauƙin ba da buhun gero a kan ya tura kuɗinsa, haka mai sukari da man girki a kasuwar Singa, haka mai atamfa a Kantin Kwari idan kayan sallar marayu ne. Bayan rabo ka koma ka faɗa masa inda kayansa suka shiga. Kaɗan ne ke yin wannan komawar, ita ce kuwa ke buɗe ƙofar baɗi.

Sai matasanka 30. Ba gudu suka yi ba, aiki ne ba ka ba su ba. Dubi aikin gayya a ƙauye: ba a cewa "ku zo mu yi noma" a yi shiru, kowa ana nuna masa kunyarsa, ya san inda zai fara da inda zai tsaya. Ka kasa su gida-gida, mutum huɗu ko biyar, kowane rukuni da jagoransa: masu zuwa kasuwa, masu tantance gidaje, masu ɗaurin kaya, masu lissafi. Kai da jagororin za ka riƙa magana. Ka tambayi kowa awa nawa zai iya bayarwa a mako, ka yarda da abin da ya faɗa. Ɗalibar da ke da jarrabawa ko matar aure da ke da girkin buɗa-baki, a ba su abin da za su yi da safe ko ta waya. Taro kada ya wuce minti 40. Yabo a gaban jama'a, gyara kuma daga kai sai shi. Kuɗin mota kuwa a sa shi cikin kasafi tun farko a fili; matashin da ba shi da aikin yi ba zai ce maka ba shi da na adaidaita ba, sai dai ka ga bai zo ba.

Ranar rabo ita ce ta fi ba ni tsoro. A Disambar 2024 yara 35 suka rasu a turmutsutsu a Ibadan wajen wani taron rabon kyauta, a makon ne kuma aka yi irinsa a Abuja da Okija. A azumin shekarar ma an rasa mata a Bauchi wajen rabon zakka. Saboda haka kada ka yi shelar wuri da lokaci a rediyo ko Facebook. Ka zauna da mai unguwa da liman da matan unguwa masu sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba, a fitar da suna, a raba kati, a kira mutane kashi-kashi. Mafi alheri ma a kai musu har gida bayan la'asar. Ka gayyaci 'yan agaji na Jama'atu ko Izala ko Fityanu, ko Red Cross, sun fi ka sanin tsara layi. Hoton fuskar mai karɓa kuma a bar shi. A ɗauki hoton kayan, ya wadatar da masu bayarwa.

Bautar ƙasarka shekara ɗaya ce, azumi kuwa zai dawo. Tun yau ka zaɓi ɗan unguwar guda ya zama mataimakinka, ka riƙa tura shi wajen 'yan kasuwa, wani taron ma ka bar shi ya jagoranta kana zaune. Idan an gama ka rubuta rahoto mai shafi biyu: abin da aka tara, gidajen da aka kai wa, inda aka samu cikas, da sunayen waɗanda suka ce a dawo musu baɗi. Ka miƙa wa ƙungiyar kwafi, ka riƙe ɗaya, ka nemi shugabanta ya rubuta maka takardar shaida da waɗannan alƙaluma a ciki kafin ka bar Kano.