Shafen Kariya a Ginin Hausawa: Yadda Ake Tsare Farar Ƙasa da Adon Bango

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa jingina da bangon da aka shafa wa farar ƙasa ya san yadda take kama riga. Haka kuma duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san fargabar da maigida kan shiga idan ruwan watan Agusta ya kwana yana zuba. Waɗannan matsaloli biyu, wato gogewar shafe da zaizayar bango, su ne suka sa maginin Hausa ya ƙirƙiro dabarun rufe fuskar gini da wani abu mai tsare ta. A wannan darasi za a duba ma'anar shafen kariya, da ire-irensa na gargajiya, da yadda zamani ya shafe shi, sannan a nuna wa ɗalibi mai koyon malanta hanyar koyar da shi.

2.0 Ma'anar Shafen Kariya

Idan aka ce shafen kariya ana nufin abin da ake shafawa daga ƙarshe a kan bango ko rufi ko daɓe ko kayan katako domin ya hana ruwa shiga, ya kuma hana launi gogewa. Ya bambanta da yaɓe, wanda shi ƙasa ce da ake cike ramukan tubali da ita don bango ya daidaita. Ya kuma bambanta da shafen ado, kamar farar ƙasa da jar ƙasa, wanda manufarsa ƙawatarwa ce.

Dalilin da ya sa farar ƙasa ke buƙatar kariya shi ne gari ce mai laushi da ake damawa da ruwa. Da ruwan ya bushe, sai garin ya zauna a fuskar bango ba tare da wani abu mai danƙo da zai riƙe shi ba. Shi ya sa hannu ke goge ta, ruwa kuma ke wanke ta.

3.0 Ire-iren Shafen Kariya na Gargajiya

3.1 Makuba

Makuba ana samun ta daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Bayan an cire garin ɗorawa da kalwa, sai a jiƙa ɓawon ko a dafa shi har ruwan ya yi ja mai duhu. Da wannan ruwa ake kwaɓa ƙasar shafe ta ƙarshe, ko kuma a yayyafa shi a kan abin da aka gama. Ɓawon yana ɗauke da sinadarin tanin, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Wannan sinadari ne ke taimakawa wajen ɗaure ƙasa, ta yi tauri, ruwa ya riƙa zamewa a kanta. Ita ce ke ba tsofaffin gidajen birane launin nan mai kama da ƙasa-ƙasa mai duhu.

3.2 Laso

Laso shi ne simintin Bahaushe kafin zuwan Turawa. Ana haɗa shi da abubuwa uku: katsi, wato dagwalon da ke kwanciya a ƙasan karofi, wanda ake busarwa a ƙone a daka; da gashin jima, wato gashin da majema ke kankarewa daga fata; da kuma ruwan dafara mai yauƙi. Katsi ne jikin haɗin, gashi na hana shi tsagewa, dafara kuma na ba shi danƙo. Ana shafa laso a wuraren da ruwa ya fi duka, kamar rufin soro da zanko da bakin indararo. Da shi ne kuma marina ke yaɓe cikin karofi don kada ya yi yoyo. A nan ɗalibi zai lura da yadda sana'o'i uku, wato rini da jima da gini, suka dogara da juna.

3.3 Daɓe

Daɓe aikin mata ne. Sukan shimfiɗa ƙasa mai tsakuwa a ɗaki, su riƙa bugun ta da maɗaɓi suna yayyafa ruwan makuba har ta yi sumul. Aikin gayya ne, musamman idan za a kawo amarya, kuma daga cikinsa ne aka sami waƙoƙin daɓe da ake nazari a adabin baka.

3.4 Ƙaro

A cikin ɗaki, akan zuba ruwan ƙaro a farar ƙasa don ta kama bango, kamar yadda ake sa shi a tawada don ta kama allo. Sai dai ƙaro na narkewa a ruwa, saboda haka bai dace da bangon waje ba.

4.0 Tasirin Zamani

Da siminti ya yawaita a ƙarni na 20, mutane da dama sun koma shafe gidajen ƙasa da shi, suna ganin sun huta da gyaran kowace shekara. Amma masana gini sun nuna illar hakan. Bangon ƙasa yakan sha laima ya kuma fitar da ita idan rana ta fito. Siminti kuwa ba ya barin laima ta fita yadda ya kamata, kuma ba ya kumbura ko tsukewa tare da ƙasar da ke bayansa. Da ya tsage, ruwa ya shiga, sai ƙasar ta jiƙe a ɓoye, har wata rana shafen ya ɓalle, wani lokaci ma bangon ya biyo shi. Bahaushe ya ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan batu ya shafi dukiya da rayuka da kuma tarihi. A watan Satumba na 2024, mamakon ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Damagaram a Jamhuriyar Nijar, wanda aka gina a ƙarni na 19. A ɗaya ɓangaren, masallacin Yama na jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986, abin da ke nuna martabar da ginin ƙasa ke da ita a idon duniya. Haka nan masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Mika'ilu a ƙarni na 19, har yau abin nazari ne ga masana. Irin waɗannan gine-gine ba sa ɗorewa sai da kulawa a kai a kai.

A ɓangaren kayan ɗaki, yanzu akwai fentin kanti mai garin alli da ake shafa wa kujeru da akwatuna da kabad. Shi ma yana da raunin farar ƙasa, domin yana shan datti da maiƙo. Ana kare shi ta hanya biyu. Ta farko ita ce a murza kaki da tsumma mai laushi, a goge abin da ya yi saura. Wannan na ba da taushi, amma ba ya jure zafi, kuma sai an riƙa sabuntawa. Ta biyu ita ce a shafa ruwan sheƙin nan marar launi da kafintoci ke rufe katako da shi, wanda ya fi dacewa da tebur da duk abin da ake yawan gogewa. Mai haɗin mai yakan sa fari ya koma ruwan ɗorawa da daɗewa, don haka mai haɗin ruwa ya fi dacewa da farin fenti.

5.0 Ƙa'idojin da Suka Haɗa Tsoho da Sabo

Ko na gargajiya ne ko na kanti, ƙa'idoji huɗu ne ke tafiyar da aikin:

(a) A bari abin da za a shafa ya bushe sarai. Shi ya sa magina ke yin aikinsu da rani.
(b) A shafa kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku, maimakon mai kauri sau ɗaya.
(c) A zaɓi shafen da ya dace da jikin abin, kada a ɗora mai tauri a kan mai taushi.
(d) A duba a gyara kafin faɗuwar damina, domin rigakafi ya fi magani.

6.0 Dabarun Koyarwa

Malami ya guji koyar da wannan darasi da baki kawai. Ya zo aji da ɓawon ɗorawa da bagaruwa da ƙaro da farar ƙasa, ɗalibai su gani su taɓa. Ya sa su ƙera ƙananan tubala biyu, su shafa wa ɗaya makuba su bar ɗayan, bayan sun bushe a zuba musu ruwa daidai wa daida, su faɗi abin da suka gani. Idan da hali, a kai su wurin Sarkin Magina ko wani tsohon magini na garinsu, su rubuta kalmomin da suka ji daga bakinsa. Yara da yawa a birane ba su taɓa jin kalmar laso ko katsi ba, kuma kalmar da aka daina aikinta takan ɓace daga bakin mutane idan makaranta ba ta riƙe ta ba.

7.0 Kammalawa

A wannan darasi an ga cewa Bahaushe ya gane raunin ƙasa da farar ƙasa tun da daɗewa, ya kuma samo maganinsa daga itatuwa da sana'o'in da ke kewaye da shi. An kuma ga cewa kayan zamani na da amfani idan an sa su a muhallinsu, suna da illa idan an saɓa. Nauyin da ke kan malamin Hausa shi ne ya isar da wannan sani ga ɗalibansa tare da kalmominsa.

8.0 Tambayoyin Bita

1. Bambance tsakanin yaɓe da shafen ado da shafen kariya.
2. Kawo abubuwa uku da ake haɗa laso da su, ka bayyana aikin kowane.
3. Me ya sa shafen siminti kan cutar da bangon ƙasa?
4. Tsara darasi na minti 40 a kan makuba ga 'yan ƙaramar sakandare.
5. Tattaro kalmomi 15 na gini daga bakin wani magini a garinku, tare da ma'anoninsu.