Darasi: Kafin Ka Tafi Aiki Saudiyya

Kowace shekara mutanenmu suna tafiya Saudiyya neman halaliyarsu. Wani direba ne, wani magini, wata kuma aikatau take yi a gidan Larabawa. Neman na kai ba laifi ba ne. Sai dai a can takarda ce ke magana, ba alkawarin baki ba.

Biza iri-iri ce. Bizar Hajji da ta Umara na ibada ne, ba su ba ka izinin aiki ba. Wanda ya shiga da su ya maƙale, zaman ɓuya zai yi. Ba shi da inda zai kai ƙara in an cinye masa haƙƙi, kuma ranar da askarawa suka kama shi, sai gidan tarhil, inda ake tsare baƙi kafin a maido su gida.

Ma'aikaci na ƙa'ida yana da kafili, wato mutum ko kamfanin da ya ɗauke shi aiki. Kafili ne ke yi maka igama, katin izinin zama. Kullum ta kasance a aljihunka. Fasfo kuwa naka ne, doka ta hana kafili ya ƙwace maka shi.

Wani maƙwabcina ya sayar da gonarsa ya biya ɗan kamasho. An ce masa tuƙi zai yi a Jidda. Aka miƙo masa takarda shafi uku da Larabci da Turanci, ya dangwala babban yatsa a tawada ya manna, bai nemi kowa ya karanta masa ba. Da ya sauka, jeji aka kai shi kiwon raƙuma. Bayan ya dawo na ga takardar da idona, duk ta koɗe don yawan naɗewa. Makiyayi aka rubuta a ciki tun farko, albashin ma bai kai wanda aka faɗa masa ba. Har yau abin yana yi mini zafi, domin a layinmu akwai malamin da zai karanta masa ita kyauta.

Saboda haka, ɗan'uwa, duba abu huɗu a takardar yarjejeniya: sunan aikin, yawan albashi da riyal, tsawon lokaci, da wanda zai biya kuɗin jirgin dawowa. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta yanke aiki awa 8 a rana, 48 a mako, a watan azumi kuma awa 6 ga Musulmi. Akwai hutun kwana 21 a shekara, ya koma 30 bayan shekara 5. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki cikin rana tsakanin ƙarfe 12 da 3.

A watan Maris na 2021 an sassauta tsarin kafala. Ma'aikacin kamfani yana iya sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya ba sai da yardar kafili ba. Amma wannan sauƙi bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba. 'Yar'uwa mai shirin aikatau, ki lura da wannan sosai.

In zama ya yi tsami, kada ka gudu. Kafili zai kai rahoton hurub, wato ka tsere, kuma kana iya zama mai laifi. Nemi ofishin ƙwadago ko na jakadancin ƙasarka. Nijeriya tana da ofishi a Riyad, da ƙaramin ofishi a Jidda.

Kafin ka tashi, yi kwafin fasfo da biza da yarjejeniya, ka bar wa iyalinka ɗaya. Lambar ofishin jakadanci kuma ka rubuta ta da hannunka a takarda, ka adana ta dabam da waya.