MAS'ALA: MATSAYIN BOKA MAI TAYAR DA MATATTU A CIKIN WASA

Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayawa, Mai kashewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, akwai wani wasa da ake kira Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka cikin 1974. Mutum huɗu ko biyar za su kewaye tebur, ɗaya ya zama jagora mai ba da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin mutum guda a cikin labarin: wannan jarumi, wancan ɓarawo, wancan boka. In ɗan wasa ya yi nufin aikata wani abu, sai ya jefa ɗan lido mai fuska 20, abin da ya fito shi ke nuna ya ci ko ya faɗi. To, cikin bokayen nan akwai wanda suke ce wa nekuromansa, watau mai tayar da gawa ta yi masa bauta. Shin ya dace a bar ɗan wasa ya ɗauki wannan matsayi?

Ka sani su kansu masu wasan ba su tsaya kan magana ɗaya ba. A bugun 1989, bayan ƙorafin iyaye da majami'u, sun cire matsayin makashi, suka sauya sunayen shaiɗanu, amma suka bar wannan boka. A 1995 suka yi littafi sukutum a kansa, suka nufi jagora da shi don ya riƙa shirya abokan gaba. Babban littafin 'yan wasa na 2014 ya sa shi, na 2024 kuwa bai sa shi cikin rukunan bokayensa huɗu ba.

Na farko, mu yi adalci. Wannan ba sihiri ne na haƙiƙa ba. Takarda ce da fensir da surutu, ba gawar da ta taɓa motsi saboda su. Wanda ya kafirta yaro don ya yi wasan nan ya yi azarɓaɓi, ya ji tsoron Allah.

Na biyu, akwai bambanci tsakanin jin labarin ɓarna da tsayawa a matsayin maɓarnaci. Alƙur'ani ya ba mu labarin masihirtan Fir'auna, ya ambaci Haruta da Maruta a Suratul Baƙara aya ta 102, amma don gargaɗi. A wasan nan kuwa kai ne da bakinka za ka ce ka tayar da gawa, a yi maka tafi, a ƙara maka daraja, mako bayan mako. Alhali sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito.

Na uku, gawa tana da alfarma. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ya daidaita karya ƙashin mamaci da na mai rai. Kuma Suratul Mu'minun aya ta 99 da ta 100 sun tabbatar mamaci ba ya komowa, yana barzahu har ranar tashi. Mu da muke gina wa maƙabartu katanga, muna sa musu masu gadi saboda matsafa masu tone kaburbura, yaya za mu mai da aikinsu abin nishaɗi?

Za ka ce ai wasa ne. Na'am, wasa ne, amma sabo turken wawa. Abin tsoron shi ne zuciyarka ta daina ƙyamar abin da Allah ya ƙi, kuma ƙi da zuciya shi ne matakin ƙarshe na hani da munkari. In ya tafi, me ya rage?

Saboda haka abin da muke gani shi ne: kada Musulmi ya zaɓi wannan matsayi. In har bokan zai fito a labari, to ya fito a hannun jagora, abokin gaba da ake yaƙa. Tsarin wasan ma ya ba jagora damar hana matsayin da bai so a teburinsa. Amma hukuncin ɗan lido kansa, da wasan da ke shagaltarwa daga salla, wannan mas'ala ce dabam.

Allah ya kiyashe mu da sihiri da masihirta, ya sa mu cika da imani. Allah ne mafi sani.