Kashegari Ma Ya Hau Keke

Karatu: Ibraniyawa 12:1-3, Fitowa 16:14-21

Ranar 1 ga Janairu 1939 wani matashi ɗan Ingila mai suna Tommy Godwin, mai shekara 26, ya hau keke da niyyar ya yi tafiyar da ba wanda ya taɓa yin irinta a cikin shekara guda. Kafin shekarar ta ƙare ya tuƙa mil 75,065, wato kusan kilomita 120,800. Idan aka raba, kowace rana ya yi kilomita 330 ke nan. Ku kwatanta: ya bar Kano ya isa Kaduna, ya ƙara kusan kilomita 100, gobe ma haka, jibi ma haka, cikin sanyi da ruwan sama. Yawancin tafiyar a kan Raleigh ya yi ta, sunan da iyayenmu suka sani sarai.

Irin wannan tsere ba ya barin mutum ya ci bashi. Wanda ya kwanta yau, sai ya ɗora kilomita 330 a kan sauran kwanakin, ƙafa kuwa tana da iyaka. Haka manna take a jeji: ta yau ake tarawa yau, wanda ya ajiye ta kwana sai ta yi tsutsa. Mu a ikkilisiya muna son taron farkawa, muna son kwanan addu'a, ni ma ina so, aikina ne. Amma na sha ganin ɗan'uwa ya yi ta kuka a gaban bagade ranar Lahadi, ranar Laraba kuwa Littafi Mai Tsarki yana can ƙarƙashin matashin kai ba a buɗe ba. Wutar daren nan ɗaya ba za ta ɗauke shi har Disamba ba.

A watan Satumba yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. Aka hana kunna fitilu da dare a Ingila saboda jiragen yaƙi, sai Godwin ya riƙa tafiya cikin duhu da ɗan haske kaɗan. Bai tsaya ba.

Ga inda nake so mu dakata. Ranar 26 ga Oktoba ya wuce mil 62,657, abin da Ossie Nicholson ɗan Ostireliya ya kafa a 1937. Ya riga ya ci, an tafa masa. Kashegari ya sake hawa keke, domin shekara ya ɗauka, shekarar kuwa da sauran wata biyu. Bai sauka ba sai Mayun 1940, bayan ya cika mil 100,000 a kwana 500. Shekara 76 aka yi kafin Kurt Searvogel na Amurka ya wuce shi a Janairun 2016.

Yawancinmu ba a lokacin wahala muke sauka ba. Lokacin da Ubangiji ya amsa ne: aikin ya samu, an ɗaura auren, ciwon ya warke, mun ba da shaida, sai kujerarmu ta zama wofi. Marubucin Ibraniyawa ya kira mu ga jimrewa a tseren da aka sa a gabanmu, kuma Wanda ya sa tseren shi ne mai faɗin inda ya ƙare.

A wannan mako ka samu takarda, ka riƙa rubuta lokacin da ka yi addu'a da ayar da ka karanta kowace rana. Ranar Lahadi ka nuna wa wani ɗan'uwa da ka amince da shi, har da ranakun da ba ka rubuta kome ba.