Auna Tsadar Rayuwa Kafin Ƙaura Zuwa Ƙasar Waje

Kowace shekara 'yan ƙasar nan da yawa suna barin gida zuwa ƙasashen waje, waɗansu don neman ilimi, waɗansu don neman abin rufin asiri. Tafiya ba laifi ba ce. Amma akan sami wanda ya sayar da gona ko gidan gado ya yi guzuri, ya isa can ya tarar abin da yake samu bai isa ya riƙe shi ba. Yawanci tun daga wajen lissafi aka kuskure. Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa mai karatu yadda ake gwada tsadar rayuwar wata ƙasa da ta wata kafin a ɗaure kaya.

1. Kuskuren da aka fi yi

Mutum yakan ji albashin da ake biya a waje, nan da nan ya juya shi zuwa naira, sai ya ga kamar ya yi arziki. Ya manta cewa can zai kashe kuɗin, da farashin can.

Ga misali. A watan Afrilu na 1 ga wata, 2025, mafi ƙarancin ladan aikin awa ɗaya a Ingila ya zama fam 12.21 ga mai shekara 21 ko fiye. Ɗalibin jami'a da ya zo daga waje an yarje masa aikin awa 20 ne kawai a mako lokacin karatu. Idan ya cika su, zai sami wajen fam 1,058 a wata. A canjin shekarar 2025, kuɗin ya haura naira miliyan biyu. Alhali kuwa a watan Janairu na 2025 gwamnatin ƙasar ta ƙiyasta cewa ɗalibi yana bukatar fam 1,136 a wata don ci da kwana a wajen Landan, a cikin Landan kuwa fam 1,483, ban da kuɗin makaranta. Watau ladan nan da ya yi kama da dukiya bai ko kai kuɗin masauki da abinci ba.

2. Abubuwan da za a auna

Haya. Ita ce takan cinye kaso mafi girma na albashi a manyan birane. A bincika hayar garin da za a zauna, domin farashin babban birni dabam yake da na ƙananan garuruwa. A ƙasashe masu sanyi a haɗa da kuɗin ɗumama ɗaki lokacin hunturu.

Haraji. Albashin da ke rubuce a takardar ɗaukar aiki ba shi ne ke shiga aljihu ba. A Ingila, a 2025, akan fara cire kashi 20 cikin ɗari daga abin da ya haura fam 12,570 a shekara, ga kuma kuɗin inshorar ƙasa. Saudiyya ba ta karɓar haraji daga albashi, amma a watan Yuli na 2020 ta ɗaga harajin sayen kaya zuwa kashi 15 cikin ɗari.

Lafiya. Daga watan Fabrairu na 2024 yawancin masu neman bizar aiki a Ingila an sa musu kuɗin asibiti fam 1,035 kowace shekara, ɗalibai kuwa fam 776. Ana biyan na dukkan shekarun bizar gaba ɗaya tun wajen neman ta.

Iyali. A 2017 Saudiyya ta sa wa baƙin ma'aikata riyal 100 a wata a kan kowane mutum na iyalinsu da ke zaune da su. Zuwa 2020 kuɗin ya kai riyal 400. Mai mata ɗaya da 'ya'ya uku, riyal 1,600 ke nan kowane wata kafin a aza tukunya.

Abinci da kuɗin mota. A tambayi farashin shinkafa, mai, nama da kuɗin zuwa wurin aiki daga bakin wanda yake zaune can, ba daga bakin dillalin tafiya ba.

3. Ma'aunin da ƙasashen suka kafa da kansu

Ƙasashe da dama suna bayyana adadin kuɗin da baƙo zai nuna kafin a ba shi biza. A watan Satumba na 2024 Jamus ta sa wa ɗalibi yuro 11,904 na shekara guda. Kanada kuwa, a watan Janairu na 2024, ta ɗaga nata daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635. Mai hankali ya ɗauki irin wannan adadi a matsayin mafi ƙarancin abin da zai bukata, ya kuma nemi sabon adadi kafin ya tashi, gama akan sake shi lokaci lokaci.

4. Canjin kuɗi

Wanda za a riƙa aika masa da kuɗi daga gida lalle ya lura da wannan. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A cikin 2024 ta haura naira 1,500. Uban da yake ɗaukar nauyin ɗansa a waje sai ya wayi gari nauyin ya ninka sau uku, alhali ɗan bai ƙara ko loma ɗaya ba.

5. Yadda ake lissafin

A sami takarda a raba ta biyu, gefe ɗaya na gida, ɗaya na ƙasar da ake nufi. A kowane gefe a rubuta abin da ke shiga hannu a wata bayan haraji, da kuɗin wannan ƙasa. A ƙarƙashinsa a jera haya, abinci, kuɗin mota, lafiya, wuta da bukatun yara, a debe su. Abin da ya ragu, shi kaɗai ne za a juya zuwa naira a gwada. Sa'an nan a duba wata nawa ragowar za ta ɗauka kafin ta mayar da abin da aka kashe wajen biza da jirgi.

Idan lissafi ya nuna riba, a tafi da ido buɗe. Idan bai nuna ba, a dakata, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Tambayoyi

1. Don me bai kamata a juya albashin waje gaba ɗaya zuwa naira ba?
2. Mai mata ɗaya da 'ya'ya biyu, riyal nawa zai biya a shekara bisa ƙa'idar 2020?